Baƙar Dawar Kwarin Dashi

An ce wai a zamanin da, garuruwa shida suka haɗa kasuwa, mudu ɗaya, babu shinge a tsakaninsu. Da Kwarin Dashi ya nemi shiga, aka ce sai ya bi sabuwar dokar noma: kowace gona a shuka farar dawa mai saurin nuna, a girbe ta tas.

To, mutanen Kwarin Dashi suna da al'ada. A gefen kowace gona sukan shuka baƙar dawa layi ɗaya, ba sa girbe ta. Ta masu ƙasa ce, wato magabatan da suka sare dajin kuma suka kwanta a cikinsa. Amma kwaɗayin kasuwa ya ci ƙarfinsu, suka rantse, suka girbe har da ita.

Tun daga kakar nan tsuntsu ya daina sauka a garin. Mata na daka, turmi ba ya amo. Da rana tsaka sai a ga sawun ƙafa ya nufi rumbu, babu na fitowa. Tsoro ya kama Sarkin Noma Barmo, damina na faɗuwa ya maido da baƙar dawa. Madugu Gajere, wakilin garuruwan, ya kai shi gaban Alƙali Mu'azu, yana neman a kori garin daga kasuwar.

Barmo ya ce, "Allah gafarta Malam, in an kore mu mun shiga uku. In mun sake girbewa, ban san abin da zai fito daga rumbunan nan ba."

Alƙali ya dubi Madugu. "Wa doka take hawa?"

"Wanda ya rantse."

"Masu baƙar dawar sun rantse?"



Alƙali ya ce, "Gari na bakwai kuka shigar, na takwas yana kwance a ƙarƙashinsa, ba wanda ya tambaye shi. Kai ne wakili. Je ka gonar ka faɗa musu dokar. In sun yarda, a girbe."

Madugu ba ya son a ce ya ji tsoro, sai ya tafi. Ko ganye ba ya motsi. Yana buɗe baki, baƙar dawar nan duka ta sunkuyo gare shi kamar mai sauraro. Bai ƙarasa sallama ba. Ya dawo ba hula, ya ce, "A bar musu abinsu."

Masu hikima suka ce: mai faɗaɗa zumunci ya fara sanin masu ƙasa, don ba duka ne ke zuwa wurin rantsuwa ba.