Farfesan Da Ya Raba Injinsa Da Na Mutane

Akwai wani farfesa da ɗalibansa suke kira Mai Inji, amma fa a bayan idonsa. Shi ne shugaban ɗakin manyan kwamfutoci na jami'arsu, masu gama lissafin shekaru a wuni guda. Tun yana da baƙin gashi yake gina aiki ɗaya a cikinsu, lissafin yadda ruwa yake tafiya a ƙarƙashin ƙasa. Duk sunansa da martabarsa suna cikin ɗakin nan.

Jami'o'i da dama sun haɗa injinansu da juna. In naka yana hutu wani ya mora, kuma kowa yana ajiye wa ɗan'uwansa kwafin aikinsa. Abin nan ya tsaya wa Farfesa a rai. Gani yake kowa jira yake ya sace masa sakamako kafin ya wallafa.

Rana ɗaya ya yanke injinsa daga na kowa, ya aika a goge duk kwafin aikinsa da ke wurinsu.

Wata dakta, tsohuwar ɗalibarsa da ke kula da injin wata jami'a, ta kira shi.

"Ranka ya daɗe, ka bar ko guda ɗaya a wurinmu. Inji ba shi da tabbas."

"Ke za ki koya mini inji? Ki goge, kuma ki nuna mini kin goge."

Ta goge ɗin.

Ba a jima ba ɗakin da kullum yake kamar cikin firji ya fara ɗumi. Na'urar sanyaya shi ta soma tangarɗa. Kukan fankoki ya canza, jajayen fitilu suna kunnuwa ɗaya bayan ɗaya. A da, sai a tura aikin zuwa wata jami'a, a kashe inji a gyara. Yanzu babu inda za a tura, ga lissafinsa na ƙarshe yana tsakiya. Girman kai kuma ya hana shi neman kowa. Ya ce a bar inji ya ƙarasa.

"Malam, rigarka warin ƙonanniyar waya take yi," in ji matarsa da ya koma gida.

"Ba komai," ya ce, bai kalle ta ba.

Washegari yana cikin aji aka ga hayaƙi yana fita ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin kwamfutocin. Kafin a kashe wutar, fayafayan da aikinsa yake ajiye a ciki sun narke.

Yana tsaye cikin toka ya kira daktar a waya.

"'Yata, ko kin ɓoye wani kwafi ban sani ba? Ba zan yi faɗa ba."

Sai ta ce:

"Wallahi, Malam, ban taɓa saɓa maganarka ba."

Darasi: Duk girman iliminka, kada tsoron a amfana da kai ya sa ka yanke alaƙa da mutane, domin ranar da taka ta ƙone a hannunsu za ka nemi abin da ya saura. Ku tura wa wanda kuka san ya fara jin ba ya buƙatar kowa.