Ranar da Aka Saci Muryar Sankira Nomau

To, ku matso kusa. Kai mai jar hula, kife wayar nan a ƙasa, don a kanta ma za a yi maganar. Ni da kuke gani ban yi boko ba, amma na taɓa kayar da malamin lissafi a musu har ya nemi canjin gari, saboda haka ku kasa kunne.

A Tudun Gawo an yi wani sankira ana ce masa Nomau. Murya gare shi, in ya tsaya bakin kasuwa ya yi cigiya, akuyar da ta ɓace da kanta take komawa gida. Tawa ce kaɗai ta fi tasa, ni kuwa ban nemi sarautar ba. Al'adar garin, abin da ya fito daga bakin sankira ba a tambayar sa hujja, don maganar Dagaci ce, shi baki kawai ya bayar aro. In ya ce an yi rasuwa, mata sun fara kuka kafin su ji ko wane ne. In ya ce gobe allurar rigakafi, a kwana ana wanke yara.

Sai waya ta shigo gari. Manyan kamfanonin nan na ƙetare, waɗanda ba wanda ya taɓa ganin masu su balle ya gaishe su, suka cusa wa kowa kasuwa da majalisa da gidan biki a aljihu. Kafin Nomau ya gama naɗa rawani ya fito, labarin ya tsufa. Yana shela, yara na ɗaukar sa a waya suna dariya. Abin na cin sa, amma ya haƙura, tunda 'ya'yansa uku duk a inuwar kamfanonin suke cin abinci.

Babban, Rabe, acaɓa yake yi a birni da babur ɗin wani kamfani. Ba shi da uban gida mai rai, waya ce ke ce masa je ka can, dawo nan. Mai bi masa, Lantana, tana wani dogon bene, an toshe mata kunne da igiya, tana sauraron ashar da ƙaryar da mutane ke zubawa da Hausa, tana ware wanda za a goge. Autan, Sabi'u, ɗan barkwanci ne a waya, yana da mabiya sun fi mutanen garinmu da jakunansu.

Ana nan zaɓe ya matso. Dagaci na bayan wani ɗan takara, yaran ɗaya ɗan takarar kuwa suna neman abin da za su shafa wa Dagacin. Ranar wata kasuwa, Dagaci ya tafi birni, Nomau na zaune a zaure yana shan fura, bai san muryarsa ta riga shi fita ba. Na'ura aka sa ta kwaikwaye shi tsaf, har tarin nan da yake yi kafin ya fara. Muryar tana cewa an sayar da tsohuwar maƙabarta za a gina gidan mai, kowa ya zo ya kwashe ƙasusuwan iyayensa kafin a kawo motar rusau. A ƙarshe har da 'yar dariya, wai shi sankira ya riga ya karɓi rabonsa.

Wa zai tsaya tambaya? Murya ce da ba ta taɓa yi musu ƙarya ba. Waya ta miƙa wa waya, daga rumfar mahauta zuwa ta masu hatsi. Su kamfanonin kuwa haka na'urarsu take, abin da ya fi tafasa jini shi take ƙara turawa gaba. Matasa suka fara zare taɓare da sanduna.

Lantana ce ta fara ji, can a birni, a cikin tulin ƙazantar da aka zubo mata ranar. Ta san ubanta bai taɓa buɗe shela ba tare da salati ba, wannan kuwa babu. Ta danna a goge. Aka ce sai na sama ya amince, na saman kuwa yana wata ƙasa, ko sannu bai sani ba da Hausa. Dokar wurin, ba a shiga da waya, kuma an rantsar da su ba za su faɗi abin da suka ji ba. Ta cire igiyar kunnen, ta fita a gaban mai gadi, ta kira Rabe, ta kira Sabi'u. Da ta juyo, ƙofar ta ƙi buɗe mata. Ba wanda ya ce mata an kore ki, ƙofa ce kawai ta daina sanin ta.

Rabe yana ɗauke da kayan wani, ya sauke su a bakin titi ya kama hanyar gida. Wayar na ta kuka wai ya wuce iyakar da aka yanka masa, ya jefa ta aljihu. Ya iso ta bayan gari, ya tarar da tsohon da ludayi a hannu.

"Baba, hau. Kar ka nemi takalmi."

"Kai, lafiya? Bari in fita in yi musu bayani, ai sun san muryata."

"Ita suka sani, Baba. Ita ce za ta kashe ka."

Nomau ya hau, yana jin ihun na matsowa ta lungun maƙera. A cikin ihun ya tsinci muryoyin yaran da shi ya yi shelar sunansu. Suka fita ta gonaki. Suna kaiwa bakin rafi babur ya mutu mus. Ba mai ne ya ƙare ba, kamfanin ne ya kashe shi daga inda yake zaune, don an sa masa wani abu a ciki. Rabe ya goya uban ya shiga cikin dawa, ga taron ya ga sawun taya ya biyo.

Sabi'u yana can garin gaba wajen ɗaukar wasa. Ya fara fitowa a waya ya rantse cewa muryar ta jabu ce, ba wanda ya tsaya kallo, gaskiya ba ta da gishiri. Sai ya sake fitowa, ya gyara hula, ya yi dariyar nan tasa, ya ce: "Mutanen Tudun Gawo, ni na haɗa muryar, don in ga yadda za ku yi tsalle. Tsoho bai san komai ba. In kun isa ku zo." Ƙarya yake, bai haɗa komai ba. Amma wannan kam na'urar ta so ta, ta watsa ta kamar wutar kaka. Waɗanda ke bakin rafi wayoyinsu suka yi ƙara, suka duba, suka juya. Ɗakin Sabi'u suka ƙona ƙurmus, da kayan ɗaukar hotonsa, suka yi rantsuwa in ya sake taka garin sai gawarsa.

Haka Nomau ya tsira, suka tare a Gidan Tsamiya, ƙauyen mahaifiyarsa. Lantana ba aiki, kuma har yau in ta kwanta zage-zagen da ta sha saurare ne ke yawo a kanta. Rabe an zo an ɗauke babur, an sa sunansa a baƙin layi, duk kamfanin da ya nufa na'ura ta riga ta gaya wa 'yar'uwarta. Ya nemi mutum guda da zai durƙusa wa ya ba shi haƙuri, bai samu ba. Sabi'u an rufe shafinsa wai shi maƙaryaci ne, sunansa ya zama abin zagi. Waɗanda suka haɗa muryar kuwa, ɗan takararsu ya ci, ɗaya ma an ba shi muƙami. Maƙabarta na nan inda take. Ba wanda ya zo ba Nomau haƙuri, kuma a garin yanzu ko rasuwa aka sanar sai an je an ga gawa.

Shi tsohon ya daina magana sai dole. Ko sallama zai yi, sai ya waiga ya ga ko akwai waya kusa. Abin da ya rage masa a duniya 'yar fadama ce da ya gada wajen uwarsa, rijiya ɗaya, ba ta ciyar da gida biyu. In aka raba ta, kowa ya mutu da yunwa. Yana so ya ba da ita kyauta ga ɗaya daga cikin 'ya'yan tun yana da rai, saboda haka kar wani ya kawo mini lissafin gado, na gaya muku yadda muka ƙare da malamin lissafi.

Na ga bakinku na motsi, ku dakata. Mai cewa Sabi'u, ya tuna shi ya riƙa ɗora shelar uban a waya don a yi dariya, daga nan ɓarayin suka samu muryar. Mai cewa Lantana, ya sani aikinta na farko a benen nan shi ne koya wa na'urar Hausa, kalma bayan kalma. Mai cewa Rabe, to shi ya saya wa Sabi'u wayar, shi ya kai Lantana wurin aikin a bayan babur.

Nomau ya tara su a gindin tsamiya da hantsi. Ya dubi wadda ta ji, ya dubi wanda ya ɗauke shi, ya dubi wanda ya sayar da sunan kansa. Ya yi tarin nan nasa kamar zai fara shela, sai ya rufe baki, hawaye na bin gemu.

To, tunda sankira ya kasa, ku da bakinku bai mutu ba ku faɗa mini: a cikin ukun nan, wa ya fi cancanta a ba shi fadamar?