Yadda Danƙo Ya Rasa Miƙewarsa a Gonar Tasalla

Dalilin da ya sa kuke ganin Danƙo a lanƙwashe ko a dunƙule, ba ya miƙewa sai an ja shi, tsohuwar kunya ce yake ɗauke da ita. Ku ajiye wannan na harbin tsuntsu da kuke ta ja, ku ji abin da ya same shi.

A zamanin da, Danƙo a miƙe yake sambal. Jikinsa gaɓoɓi ne ƙanana birjik, wata riƙe da wata, ido ba ya iya ƙirga su. Maƙwabcinsa Kara shi ma mai gaɓoɓi ne, sai dai nasa kaɗan ne, kuma a kulle Allah Ya yi su. Na Danƙo kuwa shi yake riƙe da abinsa, in ya so ya ɗaure, in ya so ya sassauta. Ba wanda ya san haka sai shi.

Da yake ya fi Kara tsawo, da shi ake awon gona a garin. Idan za a raba gado, a kwantar da shi a ƙasa, a kafa tsinke, a ɗaga shi a sake kwantarwa. Abin da ya auna ya zauna, ko mai unguwa ba ya tankawa. Wannan girma fa ya shiga kansa sosai.

Wata shekara aka zo rabon gonar wani tsoho tsakanin gida biyu. Rabi na babban ɗansa Shekarau, rabi na marayun ƙanensa, waɗanda uwarsu Tasalla take riƙe da su. Kowa ya san gonar tsawon Danƙo ashirin ce, goma goma ke nan.

Shekarau ya riƙe bakin Danƙo, mai unguwa Barau yana can ɗaya gefen yana kafa tsinke. Shekarau ya sunkuya ya ce a hankali, "Ranka ya daɗe, jiya na ji Kara yana cewa tsufa ya fara cin ka, wai har ka rage tsawo."

"Ni na rage tsawo?" in ji Danƙo.

"Haka ya ce. Ni dai na ce bari mu gani a gona."

Ai kuwa Danƙo ya sassauta gaɓoɓinsa, Shekarau ya ja. Kowane kwanciya sai ya zarce inda ya saba tsayawa, yana jin daɗin kansa. Ba a ba shi ko ƙwayar gero ba, yara, zuga kawai aka yi masa. Wannan wautar ita ta fi ba ni haushi.

Da aka cika goman Shekarau, Danƙo ya dubi abin da ya saura. Ba zai kai goma ba. Maimakon ya buɗe baki ya ce a sake, sai ya tattara gaɓoɓinsa ya takure, ya riƙa kwanciya a gajarce har aka ƙirga goma a ɗan abin da ya rage.

Tasalla ta durƙusa ta ce, "Tunda kai ka auna, Baba Danƙo, hankalina ya kwanta. Allah Ya saka da alheri."



Ruwa ya sauka, kowa ya yi shuka. Tasalla ta ɗauki ƙwaryar irin da mijinta ya saba shuka rabin gonar da ita. Ta gama gonarta kaf, iri ya ragu kusan rabi. Ta yi ta juya abin a ranta har gero ya kai gwiwa, sannan ta ɗauki ƙwaryar ta tafi zauren mai unguwa, inda ake jingine Danƙo.

Ba ƙara ta kawo ba. Cewa ta yi, "Baba Danƙo, ni ce ban iya shuka ba ko? Ga irin nan ya ragu. Ka faɗa mini inda na yi kuskure, kada yaran nan su kwana da yunwa saboda ni."

Mai unguwa Barau ya dubi ƙwaryar, ya dubi Danƙo. Ya ce, "A kira Shekarau. A zo mini da Kara."

Aka koma gona, gari ya biyo baya. Kara ba shi da abin sassautawa, yadda ya kwanta a nan haka ya kwanta a can. Aka auna gefen Shekarau, aka auna na marayu. Na Shekarau ya ninka nasu har da ɗoriya.

Shekarau ya fizgo Danƙo ya ce, "Ƙarya Kara yake yi. A sake da wannan, kowa ya gani." Ya taka bakinsa guda da ƙafa, ya kama ɗayan ya ja, yana raɗa masa, "Miƙe mana, kada ka tona mu."

Danƙo ya hango Tasalla tsaye da ƙwaryarta. Ba ta zage shi ba, kallonsa kawai take yi. Kunya ta rufe shi, ya ji ba zai iya riƙe ko gaɓa ɗaya ba. Ya sake su duka. Ya yi ta tsawo a hannun Shekarau a gaban jama'a, har kowa ya gane yadda aka yi. Sannan ya suɓuce daga ƙarƙashin ƙafar, ya tsinka wa Shekarau bulala a yatsu, ya faɗi ƙasa ya nannaɗe, ya cusa kansa cikin jikinsa.

An mayar wa marayu gonarsu, amma lokacin shuka ya wuce. Shekarar nan da tafasa da rama Tasalla ta fitar da su.

Shi ya sa har wa yau Kara yana tsaye a kan gaɓoɓinsa, Danƙo kuwa bai sake ɗaure nasa ba, kuma ba mai awo da shi. In kun ja shi zai biyo ku, don har yanzu ba ya iya cewa a'a. Amma da ya tuna inda ja ya kai shi, sai ya koma da gudu ya dunƙule, kuma yatsan da ya ja shi ne yake shan dukan.