Mai Lambun da Ya Dasa Kacala

Akwai wani mutum mai lambu a gangaren gari, daidai inda kwatar unguwa take zubowa. Ruwan wanki da na wanka da na wanke-wanke, duk a kansa suke ƙarewa. Alayyafonsa ya ƙone, albasa ta ruɓe, matan da suke sayen kayan miya a wurinsa suka daina zuwa.

Matarsa ta ce, "Maigida, mu haƙura da wurin nan. Ya mutu."

Ya ce, "Lambun ubana ne. Ki ba ni damina ɗaya."

Sai ya haƙa rami mai faɗi marar zurfi a bakin kwatar, ya daɓe shi da yumɓu, ya zuba tsakuwa da yashi. Ya tafi fadama ya tumɓuko kacala ya dasa a ciki. Kacala kuwa ita ce ciyawar da manoman ƙasar suka fi ƙi, gama tana toshe musu hanyar ruwa.

Da ta yi tsawo, wansa ya gani, ya ce a ransa ƙanensa ya kasa noma. Don tausayi ya kira gayya. Ran kasuwa, mai lambun ba ya nan, sai ga wan ya zo da maza riƙe da adduna za su sassabe ta.

Matar ta fito ta tsaya a gabansu. Ta ɗebo ruwa da ƙwarya daga inda yake shiga ramin, ta ce, "Yaya, shinshina."

Ya kau da kai. "Kai! Kashe ni za ki yi?"

Ta zaga ƙarshen ramin ta ɗebo wata ƙwaryar. Ruwan garau, har ana ganin gindin ƙwaryar.

Ya ce, "Amma ai ta tsare ruwan, ba ya gudu."

Ta ce, "Tsarewar ita ce aikinta, Yaya. Saiwarta take shanye dauɗar. Mijina bai kasa ba. Jeka ka duba alayyafon."

Ya je ya duba, ya daɗe a tsugune. Da ya dawo ya ce wa mutanen su mai da addunansu, shi kuma ya roƙi saiwa biyar.

To, 'ya'yana, ga ma'anar misalin nan. Ruwan kwata mu ne, yadda muke shigowa gidan Ubangiji da fushi da ƙarya da gulma. Kacala kuwa su ne mutanen da ba a ɗauka a bakin kome ba a cikin ikkilisiya: tsohuwar da take share majami'a, dattijon da yake tsayar da kai a ƙofa ya tambaye ka ina ka shige makon jiya. Suna ɓata maka lokaci, kana ƙosawa. Amma ta wurinsu Allah yake tace mu, a hankali, ba da gudu ba.

Saboda haka, in wani ya raina su a gabanku, kada ku yi shiru. Ku miƙe ku faɗi abin da suka wanke a rayuwarku, da ƙarfi, yadda za su ji tun suna da rai.