Hular Bindiga a Ƙarƙashin Randa

A shekarar da Nijeriya ta sami 'yancin kai, an yi wani maharbi a Bahindi mai suna Attahiru. Kowa ya san ya iya harbi, amma kowa kuma ya san shi da son kai da raina na gaba. Bindigarsa irin mai ɗuri ce, wadda ake kifa wa 'yar hular tagulla a gindi, kunamar bindigar ta sare ta, wuta ta kama albarushi. In babu wannan hular, bindigar ba ta fi sanda ba.

Daga Dahome fatake ke kawo hular. Ana nan sai ta fara wuya. Wasu suka ce kantunan Faransawa ne suka rufe, wasu suka ce sababbin ma'aikatan iyaka ne suka tsananta. Abin da a da ake auna wa mutum a tafin hannu kan kwabo, sai ga shi guda ɗaya ta kai sule. Attahiru da ya hango haka tun da wuri, sai ya sayar da tumakinsa, ya tare fatake tun kafin su shiga kasuwar Bagudo, ya kwashe hular duka, gwangwani biyu cike.

Maharban garin suka taru suka je gidansa, tsoho Maidawa ne a gaba, wanda shi ya koya masa riƙon bindiga.

Maidawa ya ce, "Attahiru, ɗana, ka taimaka muna da ko goma-goma. Shinkahwa ta kusa nuna, namun daji na shigowa hwadama."

Attahiru ya ce, "Baba, lokacin da nis sai da tumakina ina kuke? Ku jira sai ta kai sule biyu, sannan mu yi magana."

Maidawa ya miƙe. Ya ja mutanensa suka nufi maƙera, suka zazzago tsofaffin bindigogin iyayensu masu ƙanƙara, irin waɗanda dutse ke ƙyasta wa wuta. Suka kankare tsatsa, suka fasa duwatsu, suka rataye albarushinsu a saman murhu don ya bushe. Attahiru kuwa in ya gamu da su sai ya bushe da dariya, ya ce ko taba za su kunna.

Tsoron ɓarayi ya hana shi sukuni. Sai ya haƙa rami ƙarƙashin randar ruwan matarsa, 'Yar Baba, ya binne gwangwanayen, don ya tabbata ba wanda zai ɗaga randa neman dukiya.

'Yar Baba ta ce, "Maigida, wurin ga bai bushewa ko da rani. Ko gishiri ba ni ajewa nan."

Ya ce, "Ke mi kis sani ga sha'anin bindiga?"

Al'adar maharban yankin ce, kafin a shiga daji kowa ya yi harbi ɗaya sama don ya ji lafiyar kayansa. Attahiru ya daina. A ganinsa harba sule guda a iska hauka ne.

Da kaka ta yi, sai wani ɓauna da aka raunata a dajin iyaka ya ɓalle ya shige fadamar shinkafa. Ya soki wani manomi a cinya, ya kori masu yanka duka. Ga ruwan kogin Kwara yana hauhawa kullum. Dattawa suka duba suka ce in ba a yanke shinkafar cikin kwana huɗu ba, ruwa zai cinye abincin gari na shekara guda. Hankalin kowa ya tashi, mata har da kuka.

Attahiru ya ga ranar da zai yi suna ta zo. Ya ɗaga randa, ya ɗebi hula ya cika aljihu, ya ce kada kowa ya biyo shi. Da hantsi ya shiga fadama, jama'a suka yi cirko-cirko a kan tudu suna kallo. Maidawa dai bai ji maganarsa ba, ya bi shi a baya sannu-sannu da mutum biyu.

Ɓaunan ya taso daga cikin ciyawa, ya tsaya yana huci. Attahiru ya durƙusa, ya auna, ya ja kunama. Sai aka ji ƙas. Ya cire hular ya sa wata. Ƙas. Ya duba ta uku, sai ya ga duk ta yi kore, laima ta kashe ta. Kafin ya ɗaga kai ɓauna ya sunkuyar da ƙaho ya taho. Attahiru ya yar da bindiga, ya ruga ya ɗare wata ƙaramar bishiya, yana ihu, "Baba! Baba Maidawa, ka cece ni!"

Maidawa ya kafa gwiwa ɗaya a laka. Ƙanƙara ta ƙyasta, bindigar ta yi tsawa, hayaƙi ya turnuƙe. Sauran biyun suka bi da nasu. Da hayaƙin ya washe, sai ga ɓauna kwance, taku biyar tsakaninsa da bishiyar.

Wayyo, zo ka ga murna! Mata suka ɗauki guɗa, makaɗa suka fito da ganguna, masu yanka suka kwararo fadama da laujensu tun kafin a gama feɗe naman. Cikin kwana uku aka kwashe shinkafar tas. A rana ta huɗu ruwa ya rufe gonakin, bai tarar da ko zangarniya ɗaya ba.

Da aka zo rabon nama, Maidawa ya ware cinya guda ya aika gidan Attahiru. Shi kuwa yana zaune tsakar gida ya zube gwangwani biyu a tabarma yana tonawa, ko zai sami guda mai rai. 'Yar Baba ta karɓi naman, ta dube shi, ta ce, "Maigida, in ka ƙare, ka maida min randata inda take."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, idan abu ya yi wuya a gari, wanda ya ɓoye shi don ya ci ribar wahalar 'yan'uwansa, kansa ya cuta. Kada mu raina shawarar na kusa da mu, kada kuma mu yi wa tsohuwar hanya dariya, domin ranar da sabuwar ta ƙi, wadda muka raina ce za ta cece mu.