Allurar da Zdravko Yake Taƙama da Ita

Akwai wani tsohon ɗan kokawa a garin Sliven mai suna Zdravko. Ƙato ne na gaske, in zai shiga ƙofa sai ya karkata. Shekara huɗu da aurensa da Nevena, amma haihuwa shiru.

Kowa ya ɗora abin a kan Nevena. To wa zai dubi wannan ƙirji ya yi zargi? Shi kansa gogan bai taɓa kawowa a ransa ba.

Aka tasa ta gaba da magunguna. Surukarta Tsveta ta kawo ganyen shayi mai ɗaci daga kan dutse, maƙwabciya ta kawo zuma mai haɗi, ƙawarta kuma ta miƙo ragowar ƙwayoyin haihuwa da aka taɓa rubuta wa ita ƙawar. Nevena ta sha shayin da zumar, amma ta ce ƙwayoyin sai likita ta gani.

A yi masa adalci, Zdravko yana son ɗa kamar ransa. Tun da ya bar kokawa yake yi wa kansa allurar sinadarin maza don kada jikinsa ya zube. Da ya ga matarsa na ta fama, sai ya ninka allurar, wai shi nan taimako yake.

Likitar da suka je wurinta, Dokta Rumyana, ta ce su zo da duk abin da kowannensu ke sha. Ta zazzage jakar Nevena, ta bar mata bitamin guda ɗaya, sauran ta ture gefe. Zdravko, wanda ya ce rakiya kawai ya yi, ya dire kwalinsa a tebur yana murmushi.

"Ni ai tuni na gama da nawa ɓangaren, Dokta."

Ta karanta kwalin, ta cire tabarau. Ta yi masa bayani cewa idan jiki ya ga sinadarin yana shigowa daga waje, sai ya daina yin nasa, ƙwayoyin maniyyi ma su tsaya. Gwaji ya fito, ya tabbatar da maganarta.

A mota Zdravko ya kasa tada inji. Kunya ta rufe shi, tausayin matarsa ya kama shi.

"Shekara huɗu kina shan ɗaci saboda ni," in ji shi.

"To yanzu layi ya zo kanka," ta ce tana dariya da hawaye. "Ja mu je, yunwa nake ji."

Ranar Lahadi, ana tsakiyar cin abinci a gidan mahaifiyarsa, ya faɗa da bakinsa cewa matsalar daga shi take. Tsveta ta tashi ta ɗauke farantin naman daga gabansa ta ajiye gaban Nevena.

Ya bar allurar kamar yadda likita ta tsara, kuma bai ji da daɗi ba. Damtse ya sace, riguna suka yi masa yawa. Abokinsa Plamen, wanda ke samo masa allurar, kullum sai ya tambaye shi ko iska ce ta fice daga jikinsa kamar taya. Zdravko ya toshe kunne.

Bayan shekara guda da 'yan watanni Nevena ta samu ciki. Ta haifi mace, suka sa mata Bilyana.

Ranar da aka gasa wa jaririya burodin barka, kamar yadda al'adarsu take, Plamen ya zo, ya matsa hannun Zdravko ya ce yanzu ko buhun dankali ba zai iya ɗagawa ba.

Zdravko ya gyara wa 'yarsa kwanciya a kafaɗa.

"Je ka ɗaga ƙarfenka, ɗan'uwa. Ni kilo huɗun nan sun ishe ni."

Darasi: Neman haihuwa na mutum biyu ne, a je gwaji tare. Kada ƙirar jiki ta ruɗe ka, kuma kada ka sha ko ka yi allurar abin da likita bai gani ba. Ku tura wa ma'auratan da kuke ƙauna, wata baiwar Allah na can tana shan ɗacin da ba nata ba.