Motar Irmiya da Hawan Tsamiya

Ga ta nan, ku matso kusa ku karɓa.

Ta iso, kunnuwanmu a buɗe suke.

Akwai wani manomi mai suna Irmiya, yana da tsohuwar mota wadda ya saya tun 'yarsa ta fari tana goye. Motar ta ci hanya har agogon da ke ƙirga nisan tafiya ya gaji ya tsaya. Ita kaɗai ce mota a ƙauyensu. Ita ke kai masara kasuwa, ita ke ɗauko amarya, ita ke kai mara lafiya asibiti. Tsakanin ƙauyen da gari kuwa akwai wani dogon hawa da ake kira Hawan Tsamiya, dutse a dama, rami a hagu.

Da motar ta tsufa sai ta ɗauki wani hali. In an tayar da ita a ƙofar gida, ƙararta lafiya lau. Amma in Irmiya ya taka totur don ta ƙara ƙarfi, sai ta yi jim, ta shaƙe, ta yi tari, sa'an nan ta fizga.

Irmiya yana da maganinsa. Yakan buɗe bonet, wato murfin injin, ya zare tiyon mai, ya sa baki ya busa da ƙarfi har sai ya ji tanki yana ɓurɓur daga baya. Ya tofar da fetur, ya mayar da tiyo. Motar takan yi kwana uku garau.

Matarsa Afiniki takan ce, "Baban Briskila, bakinka kullum warin fetur. Ran da ka hura mini wuta a murhu, ai rufin gidan nan ya tafi."

Sai ya yi dariya ya ce, "Tana tafiya ko ba ta tafiya?"

Ana nan sai 'yarsu Briskila ta zo gida goyon ciki, gama haihuwarta ta fari ce. Ranar da suka tafi kai ta awo, suna tsakiyar hawan, daidai gindin tsamiyar, motar ta shaƙe ta mutu, ta soma komawa da baya. Afiniki ta diro ba takalmi, ta ɗauki dutse ta tare taya. Irmiya ya busa tiyo, suka haura da ƙyar.

A asibiti aka duba Briskila aka ce, "Ɗan ya kwanta a gicciye. Saura kamar mako biyu. Da naƙuda ta fara, ku kawo ta nan da nan, kada ku tsaya ko'ina."

Da suka isa gida Irmiya ya ce wa matarsa, "Ba zan sa fartanya a gona ba sai na san abin da ke damun motar nan."

Kashegari ya shiga gari. Bakanike na fari ya saurari injin a tsaye, ya ce filogi ne, ya canza. Na biyu ya ce kwayil ne, ya canza. Na uku ya kwance kafireta ya wanke ta tas. Kowannensu yakan taka totur a cikin gareji, injin ya yi ruri, ya ce, "Ka ji ta? Kamar sabuwa!" Amma duk lokacin da Irmiya ya kai ta hawan, sai ta shaƙe a gindin tsamiya kamar dā. Haka kwana biyar suka tafi.

A bayan coci kuwa akwai wani tsohon bakanike, Baba Sila, wanda ya bar aiki saboda hannunsa yana rawa. Irmiya ya je ya durƙusa ya gaishe shi, ya tashi zai buɗe bonet.

Tsohon ya ce, "Bar shi a rufe, ɗana. Faɗa mini tukuna, yaushe take yi?"

"In na taka, Baba."

"Da safe ko in ta yi zafi? Da kaya ko ba kaya?"

"Ko yaushe. Amma ta fi yi da kaya, a kan hawa."

"To, me ya sa kake kai ta inda ba kaya, ba hawa? Loda mata buhu huɗu na masara, mu je inda take nuna halinta."

Suka tafi. Daidai gindin tsamiya motar ta shaƙe. Irmiya ya ja birki, ya tare taya, ya zare tiyo zai kai baki.

"Tsaya! Me za ka yi?"

"Busawa, Baba. Yanzu za ta tashi."

"Shekara nawa kana busawa?"

"Uku ke nan."

"Abin da kake busawa ɗin, ina yake tafiya?"

Irmiya ya tsaya da tiyo a hannu. Bai taɓa tambayar kansa wannan ba.

Baba Sila ya ɗauko farar kwalba, ya sa bakin tiyo a ciki, ya ce a murza makulli. Man ya fito tsirit-tsirit, ja kamar ruwan rafi bayan an yi ruwan sama. Da ya kwanta, sai ga laka da ruwa a ƙasan kwalbar.

Tsohon ya ce, "Ina kake shan mai?"

"A bakin hanya, wurin masu jarka. Galan ɗaya-ɗaya."

"Shi ke nan. Injinka ba shi da ciwo, yunwa yake ji. A bakin bututun da ke cikin tanki akwai 'yar raga mai tace mai. Datti ya lulluɓe ta. In motar tana tsaye, ɗan abin da ke wucewa ya ishe ta. In ka nemi ƙarfi, babu. Kai kuma kana busa dattin ya koma ciki, ya kwanta, ya jira ka."

"A sa mata sabuwar filta a gaba mana, Baba."

"Za ta toshe kafin Lahadi. Sai an sauke tanki. Amma ka sani, notinan da ke riƙe da shi sun yi tsatsa, ni kuwa hannuna ba ya riƙe sifana. Kai za ka kwanta a ƙasa."

Irmiya ya tuna da Afiniki tana gudu ba takalmi da dutse a hannu. Ya ce, "Ko kwana nawa ne, zan kwanta."

Kwana biyu ya yi a ƙarƙashin motar, ciyawa tana cin gonarsa. Tsatsa ta cika masa ido, yatsunsa suka ɗaye, noti ɗaya ya karye sai da aka sare shi. Tsohon yana zaune a kan kujera yana cewa, "Zuba masa baƙin mai, ka ba shi lokaci." Da tankin ya sauka suka juye shi, abin da ya fito ya cika kwanon sha. Suka wanke, suka ɗauraye, suka shanya a rana, suka tsabtace ragar, suka mayar da tankin, suka sa sabuwar filta. Sa'an nan suka sake loda masara suka gwada hawan har sau biyu.

Bayan kwana huɗu, da tsakar rana, naƙuda ta kama Briskila. Aka kwantar da ita a baya, kanta a cinyar uwarta. Da suka kai gindin tsamiya, Irmiya ya ce, "Ya Ubangiji," ya taka. Motar ta amsa nan take, ta haura ba tari.

A asibiti aka yi wa Briskila aiki, aka ciro ɗa namiji, ita da shi lafiya. Afiniki ta miƙa wa mijinta jaririn ta ce, "Karɓi jikanka. Yanzu da bakinka ba ya warin fetur, ka iya yi masa magana kusa-kusa."

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwana, ga ta. Motar ita ce rayuwar mai bi, tankin kuwa zuciyarsa. Ranar Lahadi dukanmu muna cikin gareji, muryarmu tana tashi da waƙa, kowa ya ji ya ce lafiya muke. Amma akwai hawa. Ɗan'uwanka da ya ture maka iyakar gona ya kwanta ciwo, ba mai kai shi asibiti sai kai. Surukarki da ta faɗa miki magana mai zafi ta zo neman gafara. A nan ne ake taka zuciya, sai ta yi jim, ta shaƙe.

Dattin nan ba rana ɗaya ya shiga ba. Galan-galan muka zuba shi: 'yar gulma yau, ɗan fushi gobe. In ya tare mana hanya sai mu busa da baki, mu ce, "Ba kome, ya wuce." Bai wuce ba. Ya koma ciki ya kwanta. Wani ya canza coci, wani ya canza abokai, kamar yadda aka canza filogi da kwayil, ciwon yana nan.

Ubangiji ba ya sauraronmu a tsaye kawai, ya san mu a kan hawa. Abin da yake nema shi ne a sauke tanki: ka kira zunubinka da sunansa a gabansa, ka taka da ƙafarka zuwa gidan wanda kuka ɓata. Aiki ne na kwanciya a ƙasa, yatsu kuma za su ɗaye. Amma ba kai kaɗai ne a cikin motar ba, akwai waɗanda kake ɗauke da su a baya.

An faɗa wa Irmiya saura mako biyu. Mu ba a faɗa mana ranar hawanmu ba.

Ƙurunƙus, nawa ya ƙare a nan. Saura naku, kowa ya je gida ya leƙa ƙarƙashin motarsa.